TUKUNYAR ƘASA A KASUWAR GWANJO: DARASI GA MUTANEN GYADI-GYADI DA TARAUNI

Gabatarwa

A wajen Bahaushe, kalmar gwanjo ba ta da wata martaba. In aka ce an yi gwanjon kayan wane, to, karayar arziki ce ta same shi, ko kuwa bashi ya ci shi, aka fito da kayansa bainar jama'a ana sayarwa a wulaƙance. Tufafin da wasu suka sa suka gaji ma, gwanjo muke ce musu. Amma a manyan biranen duniya irin su Landan da Faris akwai wani gwanjon da ya sha bamban da wannan, inda masu hannu da shuni kan taru suna yi wa tsohon kaya ƙari a kan ƙari, har farashinsa ya kai inda hankali bai zata ba. Daga cikin kayan da ake rububi a irin wannan kasuwa akwai tukwane da tuluna na ƙasa, kuma wasunsu daga nan Arewacin Nijeriya suka fita.

A watan Nuwamba na shekarar 2021, a birnin Landan, kamfanin gwanjo na Phillips tare da haɗin gwiwar kamfanin Maak suka sayar da tukwanen da wani Ba'amurke, marigayi Dakta John Driscoll, ya shafe shekaru yana tarawa. A cikinsu akwai wani tulu da wata mata 'yar ƙauyen Kwali ta gina da hannunta, wanda aka saya a kan kuɗi sama da fam 100,000. Maƙasudin wannan maƙala shi ne mu bi sawun yadda aka yi tulun ƙasa ya kai ga wannan daraja, sa'an nan mu waiwayo gida mu ga abin da labarin yake koya mana game da kayan da iyayenmu suka bari.

Tukunya a Gidajenmu na Da

Matasanmu da suka buɗe ido suka ga Gyadi-Gyadi da Tarauni cike da benaye da shaguna, daga titin Zariya zuwa titin Maiduguri, zai yi musu wuya su yarda cewa wuraren nan ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa, kafin birni ya faɗaɗo ya haɗiye su. A wancan zamani kusan duk wani mazubi da ke cikin gida, in ba ƙwarya ko akushi ba, to na yumɓu ne. Da tulu ake ɗebo ruwa daga rijiya, a juye a randa da ke girke a gindin inuwa. Akwai tukunyar tuwo, ga talle na miya, ga madambaci na dambu, ga tanda ta waina, ga kaskon suya. Tsofaffi na jin ɗumi da kaskon wuta lokacin hunturu, amare na turara ɗaki da kaskon turare, dattijo na da shantalinsa na alwala, yaro na da asusunsa. Hatta indararon da ke zubar da ruwan sama daga kan soro aikin maginin tukwane ne.

Waɗannan kaya akwai ilimi a cikinsu, ko da yake ba a aji aka koye shi ba. Magini yakan gasa tukwanensa a fili, da itace da kara da ciyawa, a wutar da ba ta kai ta narkar da yumɓu ya toshe ba. Saboda haka jikin randa yakan kasance da 'yan ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, abin da ke ciki kuwa sai ya yi sanyi ƙarara ko da a tsakiyar bazara ne. Waɗannan ƙofofi dai su ne ke sa tukunya ta jure harshen wuta a kan murhu ba tare da ta tsage ba.

Amma akwai wani abu guda da ba mu yi ba. Magini bai sa sunansa a jikin tukunya ba, mai saye kuma bai tambaya ba. In randa ta fashe, a jefar da tsingaro a bayan gida, ranar kasuwa a sayo wata. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu dawo kansa.

Yadda Kwano Ya Ture Tukunya

Tara kayan ado na ɗaki ba baƙon abu ba ne a Kano. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa, sunansa jere. Da farko ƙore ne da faya-fayi ake jerawa, daga baya tasoshi suka shigo, sa'an nan kwanuka masu fenti irin su fanteka da langa da kwalla da samira. Tun ana kawo su daga Turai da Hongkon, har 'yan kasuwar Hongkon ɗin suka zo suka kafa masana'antun kwano a Nijeriya, ciki har da nan Kano. Bayan kwano sai tangaran ya zo da kabet ɗinsa mai gilashi. Jere ado ne, kuma ajiya ce, domin in wata larura ta taso, mace takan kira dillaliya ta ba ta kwalla biyu ta sayar mata, a fita kunya.

Abin lura shi ne kowane sabon yayi korar na gabansa yake yi. Tukunyar dalma ta kori ta ƙasa daga murhu, roba ta kori tulu daga rijiya, firji ya kori randa daga tsakar gida. A idonmu tsohon yayi abin kunya ne, sai a kai shi ƙarƙashin gado, daga nan kuma sai hannun 'yan gwangwan. A daidai shekarun da muke wannan kora, wasu a wata nahiya suna can suna tattara irin abin da muke zubarwa.

Daga Kwali Zuwa Abuja

An haifi Ladi Kwali wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. Ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Ba ta amfani da kowane inji: takan ɗora curin yumɓu, ta riƙa zagaya shi tana jan sa sama, tana ƙara masa nani, har tulu ya tashi da siffa daidai wa daida. Sa'an nan ta zana masa kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da tsuntsaye a tsakanin layuka.

Wanda ya fara gane cewa aikinta ya wuce na sauran magina ɗan ƙasa ne, wato Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa, wadda aka mayar da sunanta Suleja bayan da sabon babban birnin tarayya ya ɗauki sunan. Sarkin ya sayi tukwanen Ladi ya adana a fadarsa don sha'awa. Ke nan za mu iya cewa shi ne farkon mai tara tukwanenta.

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature maginin tangaran mai suna Michael Cardew aikin jami'in kula da sana'ar tukwane. Kafin nan ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau. Ya zagaya Arewa yana duba yumɓu da magina, a fadar Sarkin Abuja kuma ya ga tukwanen Ladi. Ya zaɓi Abuja ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane saboda akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar ta fara aiki a 1952, Ladi ta shiga a ƙarshen 1954, ita ce mace ta farko a wurin. An buɗe ƙananan rassa a Sakkwato da Kano, sai dai ba su yi tsawon rai ba.

A cibiyar ne aka haɗa hannun Ladi da wutar Bature. Ta ci gaba da gina tulunanta kamar yadda ta gada, amma da wani haɗin yumɓu mai jure zafi. Takan cike zanen da farar ƙasa, a shafe tulun da ruwan ƙyalli, a gasa shi a rufaffen murhu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Abin da ke fitowa tulu ne mai ƙarfi kamar dutse, mai sheƙi, zanen yana haskowa ta ƙarƙashin ƙyallin. Sai dai ya yi nauyin da ba mai ɗaukarsa zuwa rafi, kuma da yake ƙofofin jikinsa sun toshe, ba ya sanyaya ruwa. Tulun ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan kallo.

An nuna ayyukan cibiyar a wani zauren baje koli na Landan mai suna Berkeley a 1958 da 1959 da 1962, tulunan Ladi kuwa su suka fi jan hankalin masu saye. Ta je Ingila da wasu ƙasashen Turai tana gina tulu a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, ta sami lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1980, da lambar OON a 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Tun daga 2007 hotonta yake bayan takardar naira ashirin, wadda ɗanmu na Kano, marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, yake gabanta. Yau naira ashirin da ƙyar take sayen alewa, amma tulun da ke jikinta ya fi ƙarfin mafi yawan attajiranmu.

Yadda Gwanjon Yake Tafiya

Manyan kamfanonin gwanjo tsofaffi ne ƙwarai. An kafa Sotheby's a 1744, Christie's a 1766, Bonhams a 1793, Phillips kuma a 1796. Mai kaya yakan kai musu abinsa, masaninsu ya juya shi ya duba gindinsa, ya nemi hatimi, ya bincika ko akwai tsaga ko gyara. Daga nan a buga hotonsa a cikin kundin gwanjo tare da ƙiyasin kuɗinsa, a kuma yi yarjejeniya a asirce da mai kaya a kan farashin da in ba a kai shi ba, ba za a sallama ba. Ranar gwanjo wasu na zaune a zaure, wasu na tayi ta waya, wasu ta intanet. In tayi ya tsaya, mai gwanjo ya buga guduma, ciniki ya faɗa. Mai saye yakan biya la'ada a kan kuɗin, wadda takan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu, mai sayarwa shi ma a cire tasa.

To, me ke sa tayi ya hau? Kyan aiki na ciki, rashin lahani na ciki, ƙarancin irin kayan ma na ciki. Amma abu biyu ne suka fi nauyi: sunan wanda ya gina, da salsalar hannayen da kayan ya bi. Cardew ya zo da al'adar da ya koya a Ingila ta buga hatimi a jikin ɗanyen yumɓu. Kayan cibiyar na ɗauke da hatimin Abuja da haruffan Larabci, kowane magini kuma da nasa. Na Ladi shi ne LK. Wannan ɗan tambari da bai fi girman farce ba, shi ke raba tulun da ake kira aikin Ladi Kwali da wanda za a rubuta wa "tulun Gwari, ba a san magini ba". In kuma aka sami rasit, ko tsohon hoto, ko wasiƙar da ta nuna wane ya saya a Abuja a shekara kaza, ya bar wa 'yarsa, ita kuma ta sayar wa wane, sai farashi ya ƙara tashi.

Wani misali daga Amurka zai ƙara fito da wannan fili. A jihar Karolina ta Kudu an yi wani bawa baƙar fata mai suna Dave, wanda daga baya aka sani da David Drake, maginin manyan randuna. A zamanin da doka ta hana koya wa bayi rubutu, shi yakan rubuta sunansa da kwanan wata a jikin randa. Bayi da yawa sun yi irin wannan aiki a yankin, sunayensu sun ɓace. Shi kuwa a 2021 an sayar da randarsa guda a gwanjo a kan sama da dala miliyan ɗaya da rabi. Haka nan a Kwali da Ushafa da garuruwanmu na ƙasar Kano an yi gwanayen magina bila adadin. Ladi gwana ce ta gaske, amma abin da ya tsare mata haƙƙinta a tarihi shi ne an rubuta.

Ɓarnar da Kasuwar Ta Jawo

Ba za a yi wa tarihi adalci ba in aka ɓoye ɗaya fuskar wannan kasuwa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani gasasshen sassaƙen yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin jihar Kaduna ta yau. A cikin shekarun 1940 wani jami'i mai suna Bernard Fagg ya gane cewa irin waɗannan kaya na wata tsohuwar al'umma ce guda, wadda bincike ya nuna ta rayu tun kimanin shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da kuɗinsu ya tashi a Turai, sai haƙar sata ta ɓarke, musamman a shekarun 1990, ta kuma haɗa da irin waɗanda ake samu a ƙasar Katsina da Sakkwato. A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekarar ce aka baje biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre da ke Faris, aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25.

Ko mutum ba ya sha'awar mutum-mutumi, asarar ta shafe shi. Mai haƙar sata yakan ɗauki abin da zai sayar, ya watsar da gawayi da tsingaro da ƙwayoyin hatsin da ke kewaye, alhali su ne ke ba da labari. Masanan Jami'ar Frankfurt ta Jamus, da suka fara aiki a yankin tun 2005, sun gano cewa mutanen Nok gero suke nomawa. A 2021 kuma, tare da masanan Jami'ar Bristol, suka sami alamar kakin zuma a jikin tsingaron tukwanensu, shaidar cewa ana cin zuma a ƙasar nan tun shekara 3,500 da suka wuce. Duk ramin da ɓarawo ya riga masani isa, irin wannan labari ya tafi ke nan har abada.

Dokar ƙasa ta yi magana a kan wannan. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Ba a cinikinsa sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa, ba a kuma fita da shi waje sai da izininta.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka akwai miliyoyi a kabet ɗin mahaifiyarsa. Mafi yawan tangaran da kwanukan jere aikin masana'anta ne da aka buga dubbai, ba su da wani kuɗi a gwanjon Landan. Darajarsu a wajenmu take, domin su ne shaidar yadda aka yi aure da zama a unguwannin nan. Kuma lokaci na ƙurewa. Tsofaffin da suka san labarin kayan suna ta tafiya, tsofaffin gidaje ana sayarwa ana rushewa ana gina rukunin shaguna, ranar kwashe kaya kuwa randa ce farkon abin da ake bari a kango. Saboda haka nake ba da waɗannan shawarwari, musamman ga 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da Kaduna da ƙasashen waje.

Na farko, duk wanda ya zo gida hutun salla, ya zauna da tsohuwarsa ya tambaye ta labarin kowace randa da tasa da kwalla: wa ya saya, a wace kasuwa, a wane gari aka gina, a bikin wa aka kawo. Ya ɗauki hoto, ya rubuta a takarda, ya ajiye tare da kayan. Kada a yi rubutu a jikin kayan, kada a yi musu fenti, kada a kankare su.

Na biyu, wanda mahaifinsa ya yi aikin gwamnati ko koyarwa a zamanin Jihar Arewa, ya juya gindin tsofaffin kofuna da butocin shayi da farantai masu nauyi, masu ruwan ƙasa ko kore-kore, ya duba ko akwai hatimin Abuja. In ya gani, to, kada ya bari su bi dillaliya.

Na uku, a wajen rabon gado a yi wa irin waɗannan kaya kuɗi kamar sauran dukiya, wani daga cikin magada ya karɓa a rabonsa, maimakon a haɗa su da tarkace.

Na huɗu, ƙungiya ta keɓe ɗaki guda don adana abin da iyalai suka ba da amana, da rajista mai sunan kowane gida. Za a iya neman shawarar ma'aikatan Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa. Misali na nan a gidan tarihi na Jos, inda Sylvia Leith-Ross ta tattara tukwanen sassan Nijeriya, ta kuma wallafa kundinsu a 1970.

Na biyar, 'yan'uwanmu da ke Ingila su riƙa leƙa kundin gwanjo. Ƙananan kayan Abuja ba su kai tsadar manyan tuluna ba ko kusa, in an haɗa hannu za a iya dawo da wasu gida.

Na ƙarshe, magina na nan da ransu a ƙauyukan Kano. Mu sayi aikinsu, mu tambayi sunansu, mu kuma ƙarfafa musu gwiwa su riƙa buga alamarsu a jikin yumɓu tun yana ɗanye.

Kammalawa

Sarki Sulaimanu Barau bai jira Bature ya gaya masa tulun Ladi abin adanawa ne ba. Ya gani da idonsa, ya saya, ya ajiye, duniya ta zo ta tarar. Mu ma ba mu rasa idon ba, alƙalamin ne muka yi wa ƙyuya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an san gidan da aka ajiye ta. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana waɗannan kaya, ya kuma ba mu ikon miƙa su ga na baya tare da labarinsu, amin.